Ba Rijiyar Kawu Ce Ta Sha Tafki Ba

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda duk yankinmu na tsakanin Haɗeja da Auyo ya sani da haƙar rijiya, ya rasu ranar Talata da hantsi. Yana zaune a zaure yana tufkar igiya, sai ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Kowa da abin da ya faɗa. Masu haƙar kabari suka ce ba su taɓa jin kunyar aikinsu ba sai ranar, don gani suke kamar zai leƙo ya ce musu gefen nan bai miƙe ba. Matarsa, wadda duk muke kira Iya, ba ta yi kuka da ƙarfi ba. An ce min sai maimaitawa take yi cewa ko kunun da ta dama masa bai sha ba. Washegari wani tsohon makiyayi ya iso daga wajen Baturiya, ya yi sallama ya zauna a bakin tabarma, sai goge ido yake yi da gefen rawani.

Amma maganar da ta hana ni sakat a maƙabarta aka yi ta. Da aka gama rufe kabari, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, duk wanda bawan Allahn nan ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe masa."

Sai sarkin ruwan garinmu, tsoho tukuf, wanda sai an riƙe shi yake tsayuwa, ya ɗaga murya ya ce, "Mun yafe masa. Har maganar tafki ma mun yafe."

Jama'a suka amsa, "Mun yafe."

Ni ma na ce mun yafe. Muryata ma ta fi ta kowa fita, don Allah ya hore min maƙogwaro. Alhali a duk waɗanda suka tsaya a wurin ni kaɗai na san cewa Kawu bai yi wa tafkin nan komai ba. Ni na kashe tafkin, Kawu kuma ya ɗauki sunan har cikin kabari. Abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan, ni da duk karatuna na boko wata shida ne a ajin yaƙi da jahilci, kuma malaminmu ya ce a kaina dai har aka tashi ba a san wanda ya ci yaƙin ba. A baki sana'ata noma ce. Abin da aka fi sanina da shi kuwa zaman majalisa da ba mutane dariya.

Bari in fara faɗa muku wane ne Kawu.

Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya wuce ƙasar da bai sani ba sai ya tsuguna. Ya ɗebi kaɗan, ya murza tsakanin yatsu, ya tofa mata yawu ya mulmula. In ta yi zare ya gyaɗa kai, in ta wargaje ya kaɗe hannu. Wani lokaci har ɗanɗanawa yake yi. In aka je biki ko suna aka neme shi aka rasa, to a duba bakin rijiyar masu gida, yana can ya zura kai yana yi wa wanda ya haƙa ta gyara, ko da mutumin ya shekara ashirin da mutuwa. Iya takan ce in ka aike shi sayen gishiri ya ga rami a hanya, to miyar ranar lami za a sha.

Sau ɗaya na taɓa bin sa aiki, ina da aure da 'ya'ya biyu a lokacin, mai ja masa guga ya kwanta rashin lafiya. Wani gari ne can yamma, ƙasar duwatsu. Mu nan wajenmu ko dutsen da za ka jefi kare sai ka wahala, sai ga ni a inda dutse ɗaya ya fi unguwarmu girma. Ranar da muka isa aka tafka ruwan sama, rafuka suka cika suna ruri. Na ce lallai mutanen nan sun ji daɗi. Kwana biyu, rafin da ya kusa tafiya da jakinmu ya koma yashi da tsakuwa.

Dagacin garin so yake a haƙa rijiyar a ƙofar gidansa, a kan tudu. Kawu ya zaga, ya buga dagi sau uku, ya ce, "Ranka ya daɗe, nan babu ruwa."

Dagaci ya ce, "Ka ga ruwan da aka yi shekaranjiya kuwa?"

Kawu ya ce, "Na gani. Yanzu haka ya kama hanyar garinmu."

Fadawa suka harzuƙa, wai baƙo yana yi wa mai gari ba'a. Kawu ya ɗauki butar alwalarsa ya tsiyaya ruwa a kan wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse, da ya leƙo daga ƙasa a gefen zauren. Ruwan ya gangare har ya taɓa takalmin dagaci. Ya ce, "Abin da ke ƙarƙashin ƙofar gidanka ke nan, gaba ɗaya da rabi za mu same shi. Ba ya sha, ba ya ajiyewa. In kana son rami mai kyau in haƙa maka, amma rijiya sai can." Ya nuna wani kwari a bayan gari inda itatuwa suka fi duhu. Ya ce can dutsen ya ruɓe, ya tsattsage, ƙasar da ruwa ya kankaro daga tudu ta taru a kansa, a cikin tsagar nan ne kaɗai ruwa yake samun wurin kwana. Dagaci ya ce matansa ba za su yi wannan tafiyar ba. Kawu ya ce in ɗaure kaya. Har mun fita gari aka biyo mu. A gaba na shida ruwa ya tsattsafo a kwarin, kuma har muka bar garin dagaci bai sake kallon Kawu a ido ba.

A hanyar dawowa ne ya buɗe min kan abin, muna tafe yana nunawa da sanda. Ya ce duk ruwan da na ga yana tserewa daga kan duwatsun nan, gangarowa yake yi ya haɗu ya zama koginmu. Su can ƙasarsu tana da gangare, ƙashinta kuma yana kusa, ruwa ba ya samun inda zai tsaya. Da ya iso wajenmu sai ya tarar da ƙasa shimfiɗe, babu dutse ko na magani, sai ya rage gudu, ya bazu cikin fadama, ya fara nutsewa. Ya ce, "Kogin da kake gani da ido kaɗan ne. Sauran yana tafiya a ƙarƙashin ƙafarka, cikin yashi. Jigawa tana shanye ruwan sama kafin ka kai gida, ka ɗauka ya ɓata, alhali ajiya ta yi maka. Laka kuwa rowa gare ta, ba ta bari ya wuce. Inda ka ga ruwa ya zauna a sarari har rani, laka ce ta tare shi."

Na ce, "Kawu, ku da ba ku yi boko ba, ina kuka san duk wannan?"

Ya ce, "Kai da ka yi wata shida, me ka sani?"

To, ga tafkinmu. Yana gabas da gari, a wani kwari tsakanin jigawa biyu. Ambaliyar kogi ce take cika shi duk damina, kuma tun da kakanninmu suka zauna a wurin ba a taɓa jin ya ƙafe ba. A nan shanun gari da na makiyaya suke sha da rani, a nan mata suke wanki. Akwai dokar da kowa ya tashi ya tarar: ba mai sa koma ko ƙugiya a cikinsa sai ranar su, wato kamun kifin gayya, wadda sarkin ruwa yake yankewa wajen ƙarshen rani, gari duka a shiga tare a kama. Wanda aka kama ya riga jama'a, ɓarawon gari ne. A tara mutane a faɗi sunansa, a hana shi shiga ruwa, abin ya bi 'ya'yansa.

Kawu yana da tasa dokar a kai, wadda yake maimaitawa har mutane suka gaji da ji. Yakan ce, "Ku kama kifinku, amma kada wanda ya sa ƙarfe a gindin tafkin nan. Lakar da ke riƙe da shi ba ta wuce kamu biyu ba. Ƙarƙashinta farin yashi ne busasshe, ruwan ƙasa kuma yana can nesa. Kwanon laka ne aka ɗora a kan rairayi." Na ji wannan da kunnena ya fi a ƙirga. Ina faɗa ne don kada wani ya yi min uzuri da rashin sani.

Wata shekara na je wajen surukaina a bakin kogi, na ga yadda masuntansu suke haƙa ramuka a fadama, in ruwa ya janye sai tarwaɗa ta taru a ciki, su zo su kwashe a kwando. Ban tsaya na tambayi kaurin lakarsu ba. Na dawo da dabara a kai, ina jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro jirgin sama. Na ce in na yi rami a tafkinmu inda ba wanda ya sani, ranar su kowa na fama da koma, ni sai in nufi wurina in yi ta cika buhu. A raina ma ban kira shi sata ba.

Da bazara, bayan an yi su na shekarar, ruwa ya koma tsakiya iya gwiwa. Na je na ce da Kawu ya ara min dagi zan kafa rumfa. Ranar kasuwar Kafin Hausa gari yakan yi wayam, sai na zaɓi tsakar rana, na zagaya kusurwar gabas inda ƙaya ta yi yawa, ba mai bi. Lakar ta ba ni wuya, baƙa ce mai danƙo, sai da tafin hannuna ya yi kanta. Can sai dagi ya shige da sauƙi, ga farin yashi mai laushi. Na tuna maganar Kawu, wallahi na tuna. Sai na ce tsofaffi dai da tsoro, na ci gaba har ramin ya kai min ƙirji. Kasuwa uku, rami uku. Na ja 'yar hanya daga tsakiyar tafkin zuwa bakinsu, na bar siririn shingen da na san ruwan farko zai cinye, na rufe da rassa da ciyawa, na yaɓe da taɓo. Na wanke dagin nan tas na mayar masa.

Damina ta sauka, tafki ya cika kamar kullum. Da kaka jama'a suka roƙi Kawu ya haƙa wa gari sabuwar rijiya a gefen jigawa, ba nisa da tafkin. Ya ce za a samu ruwa a gaba biyar. A gaba uku ruwa ya taso masa har gwiwa. Mutane suna ta kabbara, mata suna guɗa, shi kuwa ya fito yana ɓata fuska, yana kallon wajen tafki.

Kafin sanyi ya wuce, tafkin ya fara ja da baya kamar ana zuƙe shi. Kullum da safe sai a ga sabon zobe na taɓo a bakinsa. Kafin sarkin ruwa ya ankara ya sa ranar su, kifi ya mutu a cikin caɓi, shirwa da balbela suka yi biki. Na lallaɓa na duba ramukana. Sun rufta, sun haɗe, babu ko ɗigon ruwa a ciki. Ko jelar tarwaɗa ɗaya ban samu ba.

Da yamma a majalisa aka yi ta kai-kawo. Wani ya ce aljanun wurin ne suka yi ƙaura. Wani ya ce madatsun ruwan da aka gina a yamma ne. Aka ce masa to me ya sa tafkunan maƙwabta suke nan da ruwansu? Sai wani ya ce gobe a fita gari duka a bincika gindin tafkin taku-taku. Ni kuma in tsoro ya kama ni, bakina ne yake fara gudu.

Na ce, "Jama'a, kuna ba ni mamaki. An wayi gari kwano babu tuwo, ga mutum a gefe yana gyatsa, ku kuna ta neman aljani? Ku leƙa sabuwar rijiyar Kawu mana, ta ƙoshi har wuya."

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Wani ya ce, "Ashe Shanye-Tafki gare mu a garin nan!" Ba a fita binciken ba. Kafin mako ya zagayo, abin da na faɗa don a yi dariya ya zama magana, har da masu rantsuwa cewa suna jin motsin ruwa a ƙarƙashin ƙasa yana tafiya rijiyar.

Kawu bai ce da kowa komai ba. Bayan kwana kamar goma ya tsaya a ƙofar gidana da safe ya ce, "Ɗan yayata, zo ka raka ni."

Muka shiga busasshen tafkin, lakar ta tsattsage kamar bayan kunkuru. Yana tafe yana caka sanda, tana ƙwanƙwasa. Ya miƙe kai tsaye kusurwar ƙaya, ya caka, sanda ta shige har rabi. Ya zaro ta, ya dubi farin yashin da ya manne mata.

Ya ce, "Ka san wanda ya yi wannan?"

Na ce, "Ina zan sani, Kawu?"

Ya ce, "Tun kana rarrafe nake ba ka aron abubuwa. Ban taɓa ganin ka wanke abin aro ba sai dagin nan. Ina rumfar?"

Na sunkuyar da kai. Na ce iska ce ta kayar da ita.

Ya ce, "To." Sannan ya ce, "In na nuna musu wurin nan, za su tambayi wa yake da dagi a garin nan. Ni kaɗai ne. Ko in ce ni na haƙa, in yi ƙarya, ko in ce na ba da aro. Yayata tana kwance, idonta ya tafi, ba za ta ji a bakina cewa ɗanta ɓarawon gari ne ba. In ka tuna wanda ya yi, ka faɗa musu da bakinka. Ni ba zan faɗa ba."

Bai faɗa ba kuwa. Ya je ya roƙi sarkin ruwa a bar shi ya ɗebo laka a jaki ya daɓe gindin tafkin kafin damina. Sarkin ruwa ya ce taɓawa ɗaya da ya yi ta isa, kada a sake ganin ƙafarsa a wurin. Da damina tafki ya cika, ya sake ƙafewa. Shekara ta uku mutane suka fid da rai, suka fara yankan tubali a gefen yamma, masu amalanke suka biyo baya. Shi ke nan.

Labarin ya bazu. Duk garin da yake da tafki ko kududdufi ya daina kiran Kawu. Akwai inda ya je da ƙafarsa, an riga an yi magana, aka tare shi a bakin gari aka ce ya koma da kayansa. Mutumin da ake aiko wa da doki ya koma noman 'yar shinkafa da tufkar igiyar guga. Yara suna binsa da sunan nan. Ni kuwa ina majalisa, ana ta cewa ba a yi mai ban dariya kamata ba.

Tsohon makiyayin da na ce ya zo ta'aziyya, a shekarar da tafki ya mutu shanunsu sun rasa wurin sha, har sun fara faɗuwa. Kawu ya bi su daji, ya yi kusan wata yana nema musu wuri, ya haƙa musu rijiya a gindin wata jigawa, shi da su kawai. Da suka kawo masa ɗan maraƙi ya ƙi karɓa, ya ce wani nauyi ne yake saukewa. Su ba su gane ba. Ni na gane, na kuma yi shiru.

Abin da ya fi damuna shi ne bai taɓa canza min fuska ba. Duk sunan da aka yi a gidana shi ne a gaba. Da na gina sabon gida, shi ya zo ya nuna min inda zan yi rijiya da inda zan yi masai, don kada su haɗu a ƙasa. Sai dai duk Sallah, in na je gaisuwa, bayan an watse yakan dube ni ya ce, "Ka tuna?"

In ce, "Ban tuna ba tukuna, Kawu."

Ya ce, "To."

Da mahaifiyata ta rasu, uzurina ya ƙare, sai na nemo wani. Na ce bari in aurar da 'yata, kada a fasa. Na aurar da ita. Na ce bari ɗana ya samu gonar da yake nema a wajen mai unguwa. Ya samu. Daga nan sai na ce ai magana ta tsufa, tono ta ma tayar da hankali ne. Sallar da ta wuce ya tambaye ni, murya ta yi rauni. Na ce, "Kawu, ni da yanzu ko inda na ajiye hulata ba na tunawa?" Ya yi murmushi, don ya ga na ƙware. Ita ce maganarmu ta ƙarshe a kan abin.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, tabarma cike, na miƙe. Na ce, "Jama'a, tafkin nan da kuka ce kun yafe wa Kawu, ba shi ba ne. Ni ne. Rami uku na haƙa don in saci tarwaɗa."

Sai wani ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Mai unguwa ya ce, "Kai dai ko a gidan mutuwa ba ka bari." Wani ya ce, "Kai da ko kunyar gonarka sai an taya ka, kai ne za ka haƙa rami uku?" Na rantse, suka ƙara dariya. Liman ya ce in zauna, son kawuna ba zai sa in yi wa kaina ƙage ba. Shekara talatin ina tsoron ranar da za a ji, ban taɓa kawowa a raina cewa za a ji a ƙi yarda ba.

Washegari da sassafe na ɗauki shebur, na bi liman da mai unguwa gida-gida, na ce in ba su biyo ni ba zan kwanta a ƙofarsu. Aka ɗauko sarkin ruwa a babur. Na kai su kusurwar ƙaya, wadda masu tubali ba su taɓa ba. Na ce mai unguwa ya sara inda ya ga dama. Ya sara, shebur ya yi tsalle, baƙar laka kamar ƙarfe. Na matsa taku biyu na sara, shebur ya nutse. Na yi ta kwashewa, yashi gauraye da taɓo, har gefen ramin ya bayyana a zagaye, lakar a yanke, da ruɓaɓɓun rassan da na rufe da su. Na nuna na biyu, na nuna na uku. Ba wanda ya yi dariya.

Sarkin ruwa ya sa aka tsugunar da shi, ya ɗebi yashin yana dubawa. Ya ce, "A nan na tsaya na kore shi. Da bakina." Ya ɗago ya dube ni. "Ka bar ni na tsaya a kan kabarinsa ina yi masa alfarma, mutumin da ya kamata in durƙusa masa." Bai zage ni ba. Ya ce a mayar da shi gida.

Daga nan gidan Iya na nufa. Tana ɗaki cikin takaba, na durƙusa a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu, na faɗa mata duka.

Ta ce, "Ya sani?"

Na ce, "Ya sani, Iya."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar."

Na ɗauka ya taɓa gaya mata, ashe ko ita bai gaya wa ba. Ta ce, "Duk faɗan da muka yi da shi a gidan nan, da maganar tafki nake rufewa. In ce taurin kansa ne ya jawo mana. Sai ya ɗauki igiyarsa ya fita zaure." Na ce ta yafe min. Ta ce, "Kada ka yi min gaggawa, kai da ka ɗauki shekara talatin." Sannan ta lissafa min garuruwan da aka kore shi, bakwai, ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ce, "Ka je kowanne, ka tsaya a ƙofar masallacinsu ka faɗa. In ka gama ka dawo mu yi magana."

Liman ya sanar a garinmu ranar Juma'a. Yanzu in na doso majalisa sai hira ta mutu, kuma daidai ne. Na je gari biyar a bayan babur, ɗaya sai da na shiga kwalekwale. A huɗu na samu dattawan da suka tuna, wasu suka yi salati, wani ya tofar da yawu a gabana. Wannan takarda kuma don waɗanda ƙafata ba za ta kai gare su ba ce, a karanta musu.

Na biyar shi ne garin da aka tare Kawu a bakin gari. Na jira aka idar da azahar, na miƙe na yi sallama, na ce na zo wanke sunan wani mai haƙar rijiya da iyayenku suka kora saboda tafkin garinmu. Suka dubi juna. Na tambayi dagacin wancan lokaci, aka ce ya rasu. Na tambayi limaminsu na da, ya rasu. Duk wanda na ambata ya rasu. Wani magidanci, da furfurarsa ma, ya ce, "Baba, wane tafki?"

Waɗanda suka kore shi duk sun tafi da abin da na sa musu a kai. Na dai tsaya na faɗa wa 'ya'yansu tun daga farko, suna sauraro don ladabi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi fiye da yadda ya shayar da mutane da dabbobinsu. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, kada ya ce ya yafe masa, don babu abin yafewa. Saura gari biyu.